Wa ya fara? Tambayoyi da amsoshi kan musun na'urorin gem a Zariya

A shagunan gem na Samaru, Kongo da Sabon Gari, musun da ake tafkawa tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareto yakan fi wasan kansa zafi. 'Yan Sony ne suka fi yawa, sai ɗaiɗaikun 'yan Xbox, sai masu kare Nintendo duk da yawancinsu ba su taɓa mallakar ta ainihi ba, sai wasu manya da har yau ba su huce da mutuwar Sega ba. Da dare musun ya koma WhatsApp da Facebook, a yi ta jifan juna da hotuna. Kusan kullum maganar ɗaya ce: wane kamfani ne mai ƙirƙira, wane ne mai kwafa. Ga tambayoyin da suka fi yawan dawowa.

Ba Nintendo ne ya fara yin gem na gida ba?

A'a. Na'urar farko da aka sayar don a jona wa talabijin a gida ita ce Magnavox Odyssey, a Amurka, a 1972. Ralph Baer, injiniya haifaffen Jamus, shi ya jagoranci aikinta. Ba ta da sauti, ba ta ƙirga ci, kuma in kana son filin wasa sai ka manna leda mai zane a fuskar talabijin. Famicom ta Nintendo sai a 1983 ta fito a Japan, ta isa Amurka a 1985 da sunan NES. Kamfanin kansa tsoho ne, tun 1889 yake, amma karta yake bugawa a lokacin.

Dalilin da ya sa muke ɗauka shi ne na farko a fili yake. Abin da yawancinmu muka fara taɓawa a shekarun 1990 kwaikwayon Famicom ne daga China da Taiwan, mai kaset rawaya da aka rubuta wa dubban wasanni a jiki, ka kunna ka tarar 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sabon suna.

To kaset fa, wa ya ƙirƙiro shi?

Fairchild Channel F ce ta fara zuwa da kaset mai ɗauke da wasa a cikinsa, a 1976. Shugaban injiniyoyin aikin, Jerry Lawson, baƙar fata ne ɗan Amurka, kuma an daɗe ba a ambaton sunansa a irin wannan hira. Shekara ɗaya bayan haka Atari 2600 ta fito da tsari iri ɗaya, ta cika gidaje, aka manta da Fairchild.

Wannan labarin ya kamata a riƙe shi, domin za a yi ta ganin irinsa a ƙasa. Wanda ya fara yin abu daban, wanda ya gyara shi ya zama abin amfani daban, wanda ya kai shi hannun miliyoyin mutane kuma daban. Sau da yawa mutum biyu suna musu har jijiyar wuya ta tashi alhali kowannensu yana da gaskiya, don ɗaya yana maganar na farkon ne, ɗaya yana maganar na ukun.

Af, busa kaset da muka riƙa yi ba ita ke tayar da shi ba. Cirewa da mayarwar ce ke sa haƙoransa su zauna daidai. Damshin baki tsatsa yake jawo musu.

Madannin nan mai siffar kuros na hagu, na Nintendo ne da gaske?

Wannan kam nasu ne, kuma a ba su. Gunpei Yokoi da tawagarsa suka sa shi a ƙaramin gem na aljihu, Game & Watch na Donkey Kong, a 1982, daga nan ya shiga hannun Famicom. Kafin shi sanda ake riƙewa da dukan hannu, ko faifan dannawa irin na Intellivision. Nintendo ya yi masa rajistar mallaka, shi ya sa sauran kamfanoni kowa ya nemi tasa siffar. Madannan kafaɗa biyu, L da R, su ma Super Famicom ce ta yaɗa su a 1990. Sony ya mayar da su huɗu.

Ana cewa wannan 16 bit ce, waccan 64 bit. Mai lamba babba ita ta fi ƙarfi?

Ba dole ba. Lambar tana nuna yawan bayanin da ƙwaƙwalwar na'ura ke iya ɗauka a tashi ɗaya. Kamar faɗin ƙofar sito ne: ƙofa mai faɗi tana taimakawa, amma ba ta gaya maka saurin leburorin da ke shige da buhuna, ko girman siton kansa.

Intellivision ta 1979 tana da ƙwaƙwalwa mai 16 bit, amma ba mai hankalin da zai ce ta kama ƙafar Mega Drive ta 1988. PC Engine ta 1987 ƙwaƙwalwarta 8 bit ce, ɓangaren hotonta ne 16, aka kai ta Amurka aka laƙa mata 16 a suna. Atari ya tallata Jaguar a 1993 a matsayin mai 64 bit, ta faɗi warwas. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Xbox ta farko kuwa, a 2001, ƙwaƙwalwarta 32 bit ce, kuma ta fi Nintendo 64 ƙarfi nesa ba kusa ba. Tun daga wannan zamani kamfanoni suka daina ambaton lambar, suka koma teraflop, ma'aunin saurin lissafin na'ura, wanda shi ma rabin labari yake bayarwa. A takarda Xbox Series X tana da 12, PS5 tana da 10 da 'yan kai, amma a ajiye su gefe da gefe a wasan ƙwallo ɗaya, da wuya mai kallo ya nuna maka wacce ce wacce.

Wa ya fara analog? Gaskiya ne Sony kwafa ya yi?

Nan ne ake ɓata wa juna rai. Masu cewa Nintendo 64 ce ta fara a 1996 sun yi kuskure, don tun 1982 Atari 5200 da Vectrex suna da sandar da ke gane ko kaɗan ka tura ko da yawa. Matsalar ta Atari ita ce ba ta komawa tsakiya da kanta, kuma saurin lalacewa gare ta. Abin da Nintendo ya yi shi ne ya ƙanƙantar da ita ta dawo ƙarƙashin babban yatsa, sannan ya fito da ita tare da Super Mario 64, wasan da ya nuna wa duniya amfaninta: ka tura a hankali ya yi sanɗa, ka danne ya zura da gudu. Ba don wannan wasan ba, da sandar ado ce kawai. Sega ma ya fitar da nasa hannun mai analog na Saturn a wannan shekarar, makonni kaɗan a tsakani, wanda ke nuna kowa na kan aikin a lokaci guda.

PlayStation ta fito a 1994 da hannu marar analog ko ɗaya. A 1997 Sony ya ƙara guda biyu, ya fara da Dual Analog, sannan DualShock a ƙarshen shekarar. Cewa ganin na Nintendo ne ya zaburar da su, ban ga abin musu a nan ba. Amma na biyun nan na dama ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya ba da damar yatsa ɗaya ya tafiyar da mutum, ɗaya ya juya kyamara, kuma a kan wannan tsarin kusan kowane wasan harbi na yau yake. Nintendo da kansa daga baya ya dawo kan sanda biyu. To wa ya kwafi wa?

Girgiza ma haka. Rumble Pak na Nintendo 64 ya fito a Afrilun 1997, abu ne da ake cusawa a gindin hannun, yana cin batir biyu. DualShock ya sa injin girgiza biyu a ciki, babba da ƙarami, yana jan wuta daga na'urar. Abin dariyar shi ne wanda ya ci riba a kotu ba ɗayansu ba ne. Wani kamfanin Amurka mai suna Immersion ya kai Sony da Microsoft ƙara a 2002 kan fasahar girgiza. Microsoft ya sasanta da wuri, Sony ya tsaya aka kayar da shi. Da PS3 ta fito a 2006, hannunta Sixaxis ba ya girgiza, Sony yana cewa wai girgiza za ta dami na'urar gane motsi. Ana sasantawa a 2007 sai ga DualShock 3 da girgiza da gane motsin duka a hannu ɗaya.

Shin da gaske PlayStation daga rikici da Nintendo ta samo asali?

Da gaske ne. Kamfanonin biyu sun yi yarjejeniyar haɗa wa Super Famicom na'urar faifai. A wajen baje kolin kayan lantarki na Chicago a 1991, Sony ya sanar da aikin, washegari Nintendo ya tashi ya ce shi da Philips zai yi. Rigimar a kan wanda zai riƙa karɓar kuɗin wasannin faifai ce. Ken Kutaragi, injiniyan Sony da ya tsaya kai da fata, ya shawo kan shugabanninsa su ci gaba su kaɗai. PlayStation ta fito a Japan ranar 3 ga Disamba, 1994.

Amma ba ita ce ta fara faifai ba, kada wani ya ruɗe ka. PC Engine ta samu na'urar CD tun 1988, Mega Drive ta samu tata a 1991, Saturn ma ta riga PlayStation fitowa da kwanaki. Abin da Sony ya iya shi ne farashi da jawo masu haɗa wasanni. A Amurka ya sayar da ita dala 299 lokacin da Saturn ke 399.

Kenan Nintendo ya yi wauta da ya tsaya a kan kaset a Nintendo 64?

Ta fuskar kasuwa, ya yi asara. Kaset mafi girma na Nintendo 64 megabait 64 yake ɗauka, faifai ɗaya kuwa wajen 650, ga arhar bugawa. Kamfanin Square ya kwashe Final Fantasy VII ya kai PlayStation a 1997, a faifai uku. A ƙarshe PlayStation ta haura miliyan 100, Nintendo 64 ta tsaya wajen miliyan 33.

Ta fuskar aiki kuwa, masu kare kaset suna da hujjar da mu a nan muka fi kowa saninta. Kaset ba ya sa ka jira, ba ya karcewa, ba shi da ido da zai mutu. Duk wanda ya yi zamanin PS1 ya san yanayin nan: an sa faifai, farin allo ya wuce, kowa ya yi tsit ana jiran baƙin allo mai tambari. In bai zo ba, mai shago ya ciro faifan ya huɗa masa numfashi, ya goge da gefen riga daga tsakiya zuwa baki, ya mayar. In ya ƙi, a kifa na'urar a kan bayanta, a tokare da kwalin ashana. Kuma tana tashi, domin hanyar da idon ke zamewa a kai ta cinye, kifawar ce ke dawo da shi saiti. Ƙurar hunturun Zariya ta kashe idanun PlayStation da ba su ƙirguwa, alhali kaset ɗin Sega na nan yana aiki. Yau ga shi Switch ta koma kan ɗan kati.

Sai dai a faɗi gaskiya: faifan ne ya sa PlayStation ta mamaye garin nan, don ana iya kwafarsa. Da an sa wa na'ura cif, ɗan abin da ake dasawa don ta karɓi kwafin faifai, faifan kasuwa mai arha ya wadatar. Wannan ba ya cikin abin da Sony ya shirya, kuma ba halastacciyar hanya ba ce, amma duk tarihin gem a Arewa da ya tsallake shi bai cika ba.

Memori kad fa?

Neo Geo ta kamfanin SNK ce ta fara, a 1990. PlayStation ta mayar da shi abin kowa, da gurabe 15 kacal da ake faɗa a kansu in wani ya goge wa wani Master League, wato ƙungiyar ƙwallon da ya daɗe yana ginawa a wasa. Kafin nan wasu kaset suna da ɗan batir a ciki mai riƙe ajiya, kamar Zelda a 1987.

Me ya sa 'yan Sega ke cewa Dreamcast ta riga zamaninta?

Suna da abin faɗa. Ta fito a Japan a Nuwamban 1998, ta zo da na'urar shiga intanet ta layin tarho a jikinta, ba sai ka saya daban ba. Memorinta yana da ɗan allo da madannai, ana cire shi a yi wasa da shi. Sandarta da maganaɗisu take aiki, maganar da za mu dawo kanta. Amma ko a intanet ɗin ba ita ce ta fara gwadawa ba, don Famicom ta samu irin wannan ƙari a Japan tun 1988, Mega Drive a 1990.

Abin da ya kashe ta ba ƙarancin fasaha ba ne. Sega ya riga ya ɓata sunansa da 32X, ƙarin da ake ɗora wa Mega Drive, da Saturn, aljihunsa ya huje, kamfanin wasanni EA ya ƙi kawo wasanninsa, mutane kuma suka riƙe kuɗinsu suna jiran PS2. A 2001 aka daina ƙera ta, ba ta kai miliyan 10 ba, Sega ya koma yi wa abokan hamayyarsa wasanni. Wanda ya ɗauki maganar intanet ya kai ta gaci Microsoft ne: Xbox ta zo a 2001 da rumbun ajiya a ciki da ramin wayar intanet mai sauri, Xbox Live, tsarinsa na wasa ta intanet, ya biyo baya a 2002.

A nan gida kuwa, a 1999 gida nawa ne a Tudun Wada ke da layin tarhon da zai ɗauki wasa? Fasahar da ta fi burge Turawa a Dreamcast ba ta taɓa amfanar kowa a nan ba.

PS2 ce ta fi kowace sayuwa. Ita ta fi ƙarfi a zamaninta?

Ko kusa. Xbox ta fi ta ƙarfi, GameCube ma ta fi ta a abubuwa da dama. Xbox na gudu a megahaz 733 da ma'ajiyar aiki megabait 64, PS2 kuwa ba ta kai megahaz 300 ba, da megabait 32. Duk da haka PS2 ta haura miliyan 160, Xbox wajen 24, GameCube wajen 22.

Ta riga su fitowa, a Maris na 2000. Tana kunna fim na DVD kai tsaye lokacin da na'urar DVD ke da tsada, alhali Xbox sai an sayi rimot na musamman, GameCube kuma ƙananan faifai take ci, ba ruwanta da fim. Tana kuma karɓar wasannin PS1 da hannayenta. Ko wannan ɗin ba ita ta fara ba, Atari 7800 tana cin kaset ɗin 2600 tun shekarun 1980.

A ganina, in ana neman na'urar da ta fi dacewa da rayuwarmu, ita ce. Kowane mai gyara a Sabon Gari ya san cikinta, kayan gyaranta a ko'ina, ƙaramin janareto yana ɗaukar guda da yawa tare da talabijin ɗinsu. Da idonta ya zama matsala, masu dabara suka koma loda wasa daga filash. Sai a 2013 aka tabbatar an daina ƙera ta gaba ɗaya, kuma har yau akwai lungunan da yara ke layi a kanta don Winning Eleven. Masu musu a intanet ba sa lissafa juriya a cikin ƙirƙira. Ni ina lissafawa.

Wani ya rantse gem ɗinsa ya fi nawa gudu alhali iri ɗaya ne. Ƙarya yake?

Wataƙila gaskiyarsa ce, in tsohuwar na'ura ce. Talabijin na Amurka da Japan, tsarin NTSC, yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa. Namu da na Turai, PAL, sau 50. Wasanni da yawa na zamanin Sega da PS1 ba a gyara su ba da aka kawo su PAL, sai suka riƙa tafiya a hankali da kusan kashi ɗaya cikin shida, ga baƙin layi sama da ƙasa. Sonic na Turai har kiɗansa ya fi sanyi. Shi ya sa kuma in ka jona 'yar Amurka a tsohuwar talabijin ɗinmu hoto kan fito fari da baƙi. Zuwan HDMI ya rufe wannan babin.

Wanda bai rufu ba shi ne na wuta. Japan 100 take amfani da shi, Amurka 120, mu 230. Tsofaffin na'urori da yawa na can, har da babbar PS2 da tubalin wutar Xbox 360, ba sa jure tamu sai da abin rage ƙarfi. Kafin ka jona ta hannu, juya bayanta ka karanta.

Wii ƙirƙira ce ko wasan yara?

Masu raina ta suna cewa GameCube ce aka sake wa riga, kuma ta fuskar kayan ciki ba su yi nisa da gaskiya ba. Ba ta ma fitar da hoton HD. Gane motsi ma an gwada kafin ita: Power Glove a 1989, wanda bai yi aikin kirki ba, da kyamarar EyeToy ta PS2 a 2003. Amma Wii ta fito a 2006 ta sayar da sama da miliyan 100, ta fi PS3 da Xbox 360, ta sa tsofaffin da ba su taɓa riƙe hannun gem ba suna wasa. A 2010 Sony ya kawo Move, Microsoft ya kawo Kinect, nasu na'urorin gane motsi.

Tsohuwar aƙidar Yokoi ce: a ɗauki fasahar da ta kwana biyu ta yi arha, a yi sabon abu da ita. Game Boy ta 1989 ita ce babbar shaida. Allonta ba launi, batir huɗu kuma sukan kai awa 15 ko fiye. Game Gear ta Sega tana da launi da haske, tana cinye batir shida cikin awa uku zuwa biyar. Game Boy da ƙanwarta mai launi sun kai miliyan 118, Game Gear wajen 10. Wanda ya taɓa sayen batir da kuɗin tara ba sai an yi masa bayani ba.

Kada dai a ɗauka duk abin da Nintendo ya taɓa zinariya ne. Virtual Boy ta 1995 ba ta kai miliyan ɗaya ba, Wii U ta 2012 ta tsaya a miliyan 13 da rabi.

Tsakanin PS3 da Xbox 360, wa ya fi yin kasada?

Sony ya haɗa kai da IBM da Toshiba suka ƙera ƙwaƙwalwar Cell, mai ƙarfin lissafi ƙwarai, har rundunar sojin saman Amurka ta harhaɗa PS3 guda 1,760 a 2010 ta yi babbar kwamfuta da su. Amma rubuta mata wasa azaba ne, shi ya sa a shekarun farko wasa ɗaya yakan fi kyau a 360. Ga tsada, dala 499 da 599. Na farkon suna da cif ɗin PS2 a ciki, daga baya aka cire don rage kuɗi.

Microsoft kuma ya yi gaggawar riga su fita a 2005, ya gamu da jan zoben nan, jajayen fitilun da ke kamawa a gaban Xbox 360 in ta mutu. Zafi da sanyi da ke maimaituwa suna tsattsaga dalmar da ke riƙe cif ɗin hoto. A 2007 kamfanin ya ware sama da dala biliyan ɗaya, ya tsawaita garanti zuwa shekara uku. Garantin bai iso nan ba. Na'urar da ta kasa jure ɗakin Bature mai sanyi, a sa ta a shago mai rufin kwano a watan Afrilu, sakamakon sananne ne, kuma yana cikin abin da ya sa Xbox ba ta yi saiwa a garin nan ba.

Ana cewa tun daga PS4 ƙirƙira ta ƙare, duk kwamfuta ce a kwali. Haka ne?

Rabi haka ne. Tun 2013, PlayStation da Xbox duk kamfanin AMD ke yi musu ƙwaƙwalwa, irin tsarin kwamfutar tebur. Wahalar Cell ce ta koya wa Sony hankali. An rasa bambancin da ke sa musu daɗi, an samu sauƙin haɗa wasa.

Babban sauyin 2020 ba a hoto yake ba, a rumbun ajiya ne. SSD, rumbun ajiya mai sauri, ya mayar da jiran minti guda ya koma daƙiƙoƙi. DualSense kuma, hannun PS5, ya zo da madannan baya masu yin tauri ko laushi gwargwadon abin da ake yi a wasa.

Sai dai akwai sauyin da ake kira ci gaba wanda a wurinmu koma baya ne. Wasa guda yanzu yakan haura gigabait 100, ka saya a faifai ma ya ce sai ya sauke gyara. PS5 ta farko gigabait 825 aka rubuta, abin da ke hannunka bai kai 700 ba. Ga samfurin da ba shi da wurin faifai sam, wanda ke nufin ba aro, ba musaya, ba sayar da tsohon wasa. Sannan tana jan wajen wat 200 in ana wasa, abin da mai ƙaramin sola zai yi lissafi a kai.

Switch ce ta fara haɗa na hannu da na talabijin?

Sega Nomad ta 1995 tana cin kaset ɗin Mega Drive a tafin hannu kuma ana jona ta da talabijin, sai dai batir shida ba sa kai ta ko'ina. PSP ma wasu samfuranta suna fita a talabijin. Switch ta 2017 ta sa sauyawar ta zama ta daƙiƙa ɗaya, da cif ɗin Nvidia da ya riga ya shekara biyu a kasuwa, kuma ta haura miliyan 150. Ba ta kai wat 20 ba, ga batir a jiki, in an ɗauke wuta wasa bai yanke ba. A takarda kamar don mu aka yi ta. Tsadar wasanninta da rashin masu gyaranta ne suka hana ta yaɗuwa a nan.

Me ya sa analog ɗin yanzu ke tafiya da kansa, alhali fasaha ta ci gaba?

Kowane mai shago ya san ƙorafin: "Oga, hannun nan yana ja hagu, wallahi ba ni na ba da fas ɗin nan ba." Wani lokaci uzurin wanda aka ci ne, amma sau da yawa gaskiya ne. Yawancin hannayen yau, na Sony da Microsoft da Nintendo, suna auna motsi ne da ɗan ƙarfe mai gogar wata siririyar hanya ta gawayi. Yau da gobe hanyar ta cinye, ƙura ta shiga, sai na'urar ta riƙa ganin motsin da ba a yi ba. Matsalar ta yi wa Joy-Con, hannayen Switch, yawa har shugaban Nintendo ya ba da haƙuri a 2020. Ta Nintendo 64 ma tana da nata ciwon, robar ciki ke niƙewa ta zama farin gari, sandar ta saki.

Dreamcast ta kauce wa wannan tun 1998 da maganaɗisu da na'urar auna shi, ba abin da ke gogar wani. Hannun analog na Saturn ma haka yake. Manyan kamfanonin ba su bi wannan hanya ba, har Switch 2 da ta fito a Yunin 2025 ba ta yi amfani da ita ba. Ƙananan kamfanoni ne yanzu ke sayar da hannaye masu maganaɗisu, da kuma ƙwayar analog ɗin ita kaɗai, wadda mai gyaran da ya iya dalma zai cire tsohuwar ya dasa. In za ka kai naka, tambaye shi ko zai saita tsakiyarta bayan ya dasa, don in ba a saita ba sabuwar ma ja za ta yi.